Kyautar Suruki

A takarda an rubuta ni a matsayin mai kula da na'urori, amma aikina na gaskiya a waɗannan shekarun shi ne ɗaukar kaya da saƙo tsakanin garuruwa uku. Ƙungiyar da nake yi wa aiki ƙarama ce. Babban ofishinta yana Talata Mafara, tana da ɗaki guda a Bakura, da wani a Maradun. Ni ne zaren da ya ɗinke su, a bayan babur, da jaka a baya da ciwon ƙugu wanda har yau bai sake ni ba.

Abin da muke yi ba shi da wuyar faɗi. Tun da mutane suka fara barin ƙauyuka saboda 'yan bindiga, gonaki suka soma komawa daji. Iyakar gona a wajenmu ba a rubuce take ba, tana cikin kan dattawa: wancan gawo, wancan suri, layin gamba da kakan wane ya dasa. In aka yi 'yan daminu ba a noma wuri ba, gamba ta bazu, suri ya rushe, masu gawayi su sare gawon, tsohon da ya san wurin kuma ya rasu a gidan wani a cikin gari. To mu sai mu jira ranar da aka ce hanya ta yi sauƙi, mu ɗauki dattawan ƙauye su zagaya gonakin da ƙafarsu, suna nunawa suna faɗin mai kowace, muna bin su da kyamara. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka koma, kada 'yan'uwa su sari juna a kan taku biyu na ƙasa.

Hoto mai motsi yana cin wuri, kwamfuta ba ta iya riƙe shi duka. Don haka in ya taru a kan faifan cikinta, sai mu kwashe shi zuwa kaset. Ba irin na rediyo da muka sani muna yara ba, wannan mai kusurwa huɗu ne, ya cika tafin hannu, da dogon zare mai maganaɗisu naɗe a cikinsa. Akwai na'urar da ake tura shi ciki ta rubuta ko ta karanta. Na'urorin nan tsara-tsara ne, kowace da irin kaset ɗin da take karɓa. Waɗanda suka taimaka mana tun farko sun ba mu 'yan tsara ta bakwai. Daga baya suka aiko da guda ɗaya 'yar tsara ta takwas, shugabanmu ya kai ta ofishinsa ya kulle, ya sa makulli a aljihu. Ban ga laifinsa ba, ko ni aka ba abin nan da shi zan kwana.

Mutuminmu na Maradun kowa Baffa yake ce masa. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, Bafulatani daga wata ruga a yammacin Faru, dogo siriri, maganarsa a hankali kamar yana tsoron ya tashe wani. Ya koyi kyamara da kwamfuta da furfura a kansa, kuma ya fi mu duka haƙuri da tsofaffi, don yana iya tsayuwa a rana wani dattijo ya ba shi labarin bishiya guda har inuwa ta juya. Shugabanmu kuwa ɗiyar Baffa yake aure, kuma ɗiyar fari, wadda Baffa ko sunanta ba ya kamawa balle na mijinta. Wannan auren shi ya tsufar da ni. In shugaba ya je Maradun, tun daga bakin ƙofa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, a yi ta gaisuwa ana duban ƙasa, a tambayi gida da ruwa da gajiya da dabbobi. Da an zo maganar aiki sai duk su juyo gare ni. Shugaba ya ce, "Ka hwaɗa ma Baffa muna son aikin watan ga in ya samu hali." Baffa ya ce, "Ka hwaɗa mai in Allah ya so." Suna zaune a ɗaki ɗaya, gwiwar wannan ta kusa taɓa ta wancan, ni ina tsakiya ina maimaita abin da kowa ya riga ya ji.

A wata damina kaset ya yanke mana. Duk na hannunmu sun cika, kuma kowane ƙauye kwafi ɗaya rak yake da shi, don ba mu da inda za mu yi na biyu. Muka daɗe muna jiran sabbi daga nesa. Ranar da kwalin ya iso ina Bakura, sai da na dawo bayan hutun ƙarshen mako na tarar da shugaba fuskarsa wasai, ya ware rabi a cikin wani ƙaramin kwali ya ɗaure da igiya.

"Ka kai ma Baffa waɗanga," in ji shi. "Da hannuna na shirya su cikin sabuwar na'ura, duka kwalin. Kowane yanzu shina ɗaukar abin da ya saba, da ƙarin rabi bisa. Tsoho na, kar ya riƙa wahalar canji kullum."

Na ga abin kirki ne. Ba a aika wa suruki hatsi da ƙaiƙayi, sai an sussuke an sheƙe. Na ɗaure kwalin a cikin leda saboda ruwa, na hau babur.

Baffa ya karɓa da hannu biyu. Ya yi addu'a mai tsawo, ya sa wa shugaba albarka ba tare da ya ambaci sunansa ba, ya ajiye kwalin a kabad bai kwance igiyar ba, don ba a buɗe kyauta a gaban ɗan aike. Ya sa aka dama mini fura, ya ba ni kwalbar man shanu in kai wa "mutanen Mafara". Na sha, na wanke hannu, na kama hanya kafin hadari ya rufe.

Da na sake komawa Maradun gero ya fara fitar da kai. Tun kafin in gama gaisuwa kunnena ya ɗauki wani sauti daga ƙarƙashin tebur, ƙas, ƙas, sai ya yi shiru, sai ya sake. Duk wanda ya yi irin aikina ya san wannan sautin, kuma ba ya son jinsa. Faifan cikin kwamfutar ne yake shirin mutuwa. Na tambayi Baffa tun yaushe, ya ce an ɗan kwana biyu. Na ce to ai da sauƙi tunda ya kwashe komai zuwa sabbin kaset. Sai ya shiga gyara zaman hularsa.

Na buɗe kabad. Kwalin yana nan, an kwance igiyar an sake ɗaurewa da kyau, an lulluɓe da tsohon rawani. Na ciro guda na tura a na'ura. Ta haɗiye shi, ta yi ɗan gurnani, ta kunna fitila mai ruwan ɗorawa, ta tofo shi waje. Na sa na biyu, haka. Na uku ma haka.

"Hakanan takai tun randa ka kawo su," in ji Baffa. "Na gwada su duka."

Na fita bakin masallaci inda waya ke kamawa, na yi ta bincike ina zufa. Abin da na gano ya sa na zauna a kan dakali. Irin kaset ɗin nan, in sabo ne fil ba a taɓa rubuta masa komai ba, na'ura 'yar tsara ta takwas tana iya shirya shi ta matse layukan rubutu a kan zaren, kamar manomin da ya matse layukan shuka don gona ɗaya ta ɗauki iri da yawa. Amma da zarar an yi masa wannan shirin, shi ke nan. Tsohuwar na'ura ba ta ƙara gane shi, kuma babu yadda za a mayar da shi yadda yake. Kaset ɗin da shugaba ya aiko lafiyarsu ƙalau, sai dai a duk ƙungiyarmu na'ura ɗaya ce ke iya taɓa su, wadda ke kulle a Mafara.

Na koma ciki na yi wa Baffa bayani. Na tambaye shi me ke kan faifan da babu shi a wani wuri. Ya ce zagayen wani ƙauye ne a bayan Tsibiri, aikin da ya ci masa rani guda. A cikin dattawan da suka yi zagayen, babbansu ya rasu da azumi, sauran mutanen kuma sun tashi duka, ba mai iya komawa can yanzu ko da rakiyar sojoji. Gonakin gidaje masu yawa, duk suna rataye a kan wannan faifan mai ƙas-ƙas.

"Baffa, don me ba ka kira ba?"

"In kira in ce mi?"

"Ka ce kaset ba su aiki!"

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. "Ɗana, mutum ya zamna ya ɓata ranakkun hutunai don ya girmama ni. In aika in ce abin da ya aiko banza na? Da wane baki?"

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa na'ura ba ta san suruki ba. Na ce to ya ba ni ɗaya daga cikin tsofaffin kaset ɗinsa da suka cika, in kai Mafara in juye shi a sabo, in goge, in dawo masa da shi fanko. Ya girgiza kai. Ya ce kowane kaset a kabad ɗin nan gari ne guda, ba shi da na biyu, ba zai bar shi ya hau wannan hanyar a bayan babur ba. In aka tare ni a daji aka karɓe jaka, me zai gaya wa mutanen garin? Na ce to in ɗauki kwamfutar. Ya ce faifan da ke kuka yana zaune a ƙasa, ramin farko zai ƙarasa shi. A nan kam gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ya raka ni har bakin babur, abin da bai saba ba. "Ka nemo min tsohon kaset ko guda, ko ina na. Amma kar ka bari shi ya ji."

Na ce masa ya kashe kwamfutar, kada ya kunna ta sai na dawo.

Washegari na tafi Bakura. Abokiyar aikinmu ta can mace ce mai baki, wadda na'urarta ta lalace tun bara, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. Na tarar tana cin dafaffiyar gyaɗa a kan tebur. Na ce mata ina neman kaset irin na da, wanda ba a cika ba. Ta ce duk nata an kwashe zuwa Mafara, amma akwai guda a cikin durowa da ta tsinta a bayan kabad. Zuciyata ta yi sanyi. Ta yi ta tono, ta fito da caja, da man zafi, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, sannan ta miƙo mini shi. Na juya shi na ga na wanke kan na'ura ne, wanda ba a rubuta komai a kansa. Na kifa kai a kan teburin.

"Wa ya mutu?" in ji ta.

Na gaya mata komai, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta, ta sha ruwa, sannan ta daina dariyar. "Ku maza da kunyarku za ku kashe mutane. Ka tahi ka hwaɗa ma oga yau ɗin ga. In ba ka iyawa ni in kira shi."

A hanyar dawowa ruwa ya kama ni a tsakanin gonakin shinkafa, na fake a wata rumfar masu rake tare da wasu mutane da akuyarsu. Ina tsaye ruwa na ɗiga mini a wuya na yi ta juya maganar. Baffa ya ce kada surukinsa ya ji. Amma tsofaffin kaset na Mafara ma duk a cike suke, kuma ba a iya sauke ko guda sai an juye shi a sabuwar na'ura, ita kuwa makullinta yana aljihun mutumin da aka ce kada ya ji. Duk ta inda na bi, a ƙofarsa nake ɓullowa.

Na sami shugaba bayan la'asar. Na rufe ƙofa na faɗa masa. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka a gabana ba. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Tun randa ka kai su?"

"Tun ranar."

"Kuma ya aiko min da man shanu." Ya dafe goshi. "Na ci man nan, wallahi. Har na aika godiya."

Na ce masa abin ya wuce, yanzu ya buɗe na'ura mu juye kaset guda, in sa tsohon a aljihu in tafi da shi Maradun da sassafe. Aiki ne na 'yan sa'o'i. Ya dubi bango, ya ce a'a. In aka kai wa Baffa tsohon kaset daga Mafara, zai gane cewa maganar ta fito, zai san surukinsa ya san kyautarsa ba ta yi amfani ba, kuma daga ranar ba su ƙara iya haɗa ido. Abin da za a yi shi ne a ɗauki sabuwar na'urar ɗungurungum a kai Maradun, a ce tsari ne, kowane ofishi zai riƙe ta na ɗan lokaci, kuma an fara da babba. Ta haka kaset ɗin za su yi aiki, ba wanda ya ji kunya.

Na ce na'urar ba ta hawa babur, motar ofis kuma tana wurin bakanike. Ya ce gobe za a gama ta. Na ce faifan bai san gobe ba. Ya ce ai na ce Baffa ya kashe kwamfutar. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, na ce ana maganar gonakin mutane su suna maganar wa zai haɗa ido da wa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Kai ba ka da suruki irin nau," ya miƙo mini goro.

Gobe ta zo, bakanike ya ce saura wani ƙarfe da za a kawo daga Gusau. Kafin ƙarfen ya iso, labari ya zo cewa an tare hanyar Maradun, aka daina bi. Sai layukan waya suka ɗauke a yankin gaba ɗaya. Aka taƙaita sayar da mai, aka hana babura wasu hanyoyi, kasuwar Talata da kanta ta zama kamar ba ita ba. Shugaba ya juye kaset ɗin da na roƙa tun farko, ya ajiye mini a kan tebur, amma yanzu babu ta inda zai bi. Na riƙa zuwa tasha kowace safiya ina tambayar direbobi, suna ce mini sai dai gobe. Na riƙa zuwa ofis ina zama a gaban na'urar da muka naɗe da bargo muka sa a kwali, kamar mai jinya. Ban iya tuna wani lokaci da na gaji irin wannan ba, ga shi ba abin da nake yi sai zama.

Da aka fara bin hanya gero ya riga ya nuna, wasu har sun fara yanka. Muka bi ayarin motoci, ni a kujerar baya na rungume kwalin a kan cinya, ina jin kowane rami a cikin haƙorana. Ba wanda ya yi magana a motar sai direba da ke ta salati a kowace kwana.

Baffa yana zaune a ƙofar ofis a kan tabarma. Ya rame. Muka yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa kunnena yana cikin ɗaki. Ba ƙas-ƙas, ba komai. Na shigar da kwalin, na karanta masa ƙaryar da aka ba ni, cewa tsari ne sabo, na'ura za ta riƙa zagayawa, an fara da shi. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya yi albarka, tsari ne mai kyau. Daga yadda ya faɗa na san bai yarda da ko kalma ɗaya ba, kuma ba zai taɓa nunawa ba.

Na zuba wa janareta ɗan man da na zo da shi na tayar, na danna kwamfuta. Ta kunna fitila, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi. Na sake, na buɗe bayanta, na taɓa wayoyi. Faifan ya mutu murus.

"Kar ka wahal da kanka," in ji Baffa daga bayana. "Na hidda aikin kahin ya mutu."

Ya ce da ya ga kwanaki suna tafiya, ba ni ba labarina, ba waya, sai ya kunna ta wata safiya don ya ga ko tana nan. Ta daɗe kafin ta tashi, kukan kuma ya ƙaru. Ya san in ya kashe ta ba za ta sake tashi ba. Ɗan man da ya rage a janareta bai fi na aiki ɗaya ba. Sai ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin kaset, ya goge, ya juye zagayen ƙauyen bayan Tsibiri a kai. Ya miƙo mini shi. An kankare tsohon rubutun da ke gefe, an yi sabo da biro.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai daga baya hankalina ya dawo.

"Baffa, wane gari ka goge?"

"Ban goge garin kowa ba."

"To me ke kansa?"

Ya zauna a kan kujera ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya ce nasu ne. Farkon aikin da ya yi da ya koyi kyamara, kafin ma a fara tura shi ƙauyuka, ya ɗauki yayansa suka zagaya ƙasar rugarsu ta yammacin Faru: gonakin gidan, da burtalin da shanu ke bi, da mashaya, da inda iyakarsu ta haɗu da ta manoman da ke maƙwabtaka da su. Yayan nasa shi ya zauna a ruga duk rayuwarsa, shi Baffa an kai shi makaranta tun yana ƙarami, daga nan aikin gwamnati ya yi ta yawo da shi. Yayan ya rasu shekarar da suka tashi daga rugar. 'Ya'yansa suna warwatse, wasu a nan Maradun, wasu sun yi kudu da abin da ya rage na shanu.

"Na diba kabad ɗin ga tun sahe har rana ta take," in ji shi. "Kowane na ɗauka, amanar wasu ta. Wanga ɗai na nika da iko bisa nai."

Haushin da na taho da shi daga Mafara, wanda na yi ta tanadi a hanya don in sauke wa wani, ya rasa inda zai sauka. Tausayinsa ya kama ni, da wata irin gajiya da ta sa na zauna a ƙasa kusa da kwalin. A aljihuna akwai tsohon kaset fanko da shugaba ya juye, ban ma fito da shi ba.

Na haɗa sabuwar na'urar da kwamfutar hannu da na zo da ita. Na ɗauko ɗaya daga cikin kaset ɗin kyauta na tura. Ta karɓa ba gardama, fitila ta yi kore. Baffa ya leƙo ya gani, ya gyaɗa kai, ya ce in gaya wa mutanen Mafara kaya sun yi kyau ƙwarai.

Can na ce masa ai ba a rasa duka ba. Shi ya yi zagayen da ƙafarsa, yana nan da ransa da hankalinsa. Ga kyamara, ga wurin ajiya har ya yi yawa. Ko ba a je rugar ba, ya zauna ya faɗi abin da ya tuna, iyaka bayan iyaka, 'ya'yan yayansa su samu abin riƙewa. Ya ce to.

Na kafa kyamara a tsakar ofis, na buɗe taga don haske. Ya gyara riga, ya zauna sosai, ya yi bisimilla. Ya faɗi sunan rugar da sunan mahaifinsu. Ya ce in an fito daga inda garke yake kwana, a fuskanci gabas, akwai tsamiya babba, daga ita iyaka ta fara. A bi gefen burtali har a kai wata ƙirya mai reshe biyu. Muryarsa ta yi ƙarfi, hannunsa yana nuni kamar wurin yana gabansa. Daga ƙiryar sai a karkata.

Ya tsaya, hannun yana sama. Ya nuna dama, ya dawo da shi, ya nuna hagu. Na jira. A waje wani mai kura yana ta kiran ruwa, ya wuce, muryarsa ta yi nisa. Baffa ya sauke hannun a kan gwiwa.

"Daga nan yayana yas sani," in ji shi. "Ni ina bayanai, ina diban batir kar ya ƙare."

Ban kashe kyamarar ba, shi ma bai ce in kashe ba. Ya ci gaba da zama yana kallon taga, leɓensa yana motsi, yana sake farawa daga tsamiya.